Darasi: Auna Girman Tasiri a Gwajin Anoba

Anoba hanya ce ta ilimin ƙididdiga da ake kwatanta rukuni uku ko fiye da ita lokaci guda, don a gano ko bambancin da ke tsakanin matsakaicinsu ya wuce abin da dace kaɗai zai iya kawowa. A gona aka haife ta. Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya tarar da bayanan girbi da aka yi ta tarawa tun 1843, lokacin da aka soma gwada taki iri-iri a kan alkama a wani fili da ake kira Broadbalk. Wajen warware irin waɗannan alƙaluma ne hanyar ta fito, littafinsa na 1925 kan dabarun ƙididdiga don masu bincike kuma ya yaɗa ta. Harafin F da ake kiran sakamakon gwajin da shi, George Snedecor ne ya raɗa shi a 1934 don girmama Fisher. Yau da ita ake aiki wajen gwajin iri da taki a cibiyoyi irin ta Samaru a Zariya, haka ma a binciken magunguna da na hanyoyin koyarwa.

Gwajin yana ba da lamba biyu: F, da kuma ƙimar p. Ita p tana nuna yiwuwar a sami F mai girman wanda aka samu, ko ma fiye, in da a zahiri babu wani bambanci tsakanin rukunan. An saba cewa idan p ta gaza 0.05, ana ɗaukar bambancin ba na dace ba ne. Iyakar amsarta ke nan. Ba ta faɗin ko bambancin babba ne ko ɗan ƙanƙani, kuma wannan ita ce tambayar da manomi da likita da malami suka fi damuwa da ita. Lambar da ke amsa ta ita ake kira girman tasiri.

Dalilin da ya sa p ba ta isa ba shi ne tana tafiya da yawan samfur. Idan aka auna mutum dubu uku, bambancin da bai taka kara ya karya ba, zai iya ba da p ƙarama ƙwarai. Idan kuma mutum goma sha biyar aka auna, bambanci mai tsoka zai iya kasa ƙetare 0.05. Saboda haka kwamitin da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta kafa ya ba da shawara a 1999 cewa a riƙa bayyana girman tasiri a rahoton bincike, ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka kuma ta fitar da sanarwa a 2016 tana jaddada cewa p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancin sakamako.

Misalin gonar masara

Alƙaluman da ke tafe an tsara su ne don koyarwa, ba daga wani bincike aka ɗauko su ba. A ɗauka an yanka gona kashi goma sha biyar daidai wa daida, aka jefa ƙuri'a aka raba su gida uku. Biyar aka zuba musu takin gida, biyar takin zamani, biyar kuma aka haɗa musu duka biyun. Da aka yi girbi, an lissafa amfanin kowane yanki da buhu a hekta:

Takin gida: 17, 19, 20, 21, 23. Matsakaici 20.
Takin zamani: 22, 22, 24, 25, 27. Matsakaici 24.
Haɗi: 23, 23, 24, 27, 28. Matsakaici 25.

Jimlar duka 345 ce. A raba da 15, babban matsakaici ya zama 23.

Yankunan nan ba su ba da amfani ɗaya ba, kuma abu biyu ne suka jawo haka. Akwai bambancin da ke tsakanin rukuni da rukuni, wanda ake danganta shi da takin. Akwai kuma wanda ke cikin kowane rukuni, tsakanin yankunan da aka zuba wa taki ɗaya, wanda ƙarfin ƙasa da kwanciyar ruwa da ɓarnar ƙwari da kuskuren awo suka haifar. Aikin anoba shi ne raba warwatsuwar alƙaluma gida biyun nan. Ma'aunin da take amfani da shi jimlar murabba'ai ne: a ɗebe matsakaici daga kowace lamba, a ninka abin da ya rage da kansa, sannan a tara.

A fara da ta tsakanin rukuni. Matsakaicin takin gida ya gaza babban matsakaici da 3, na takin zamani ya ɗara shi da 1, na haɗi ya ɗara da 2. Murabba'insu 9 da 1 da 4 ne, jimla 14. Tun da yanki biyar ne a kowane rukuni, sai a ninka da 5, a sami 70. Wannan ita ce jimlar murabba'ai ta tsakani, JMT a taƙaice.

Ta cikin rukuni kuwa, kowace lamba da matsakaicin rukuninta ake kwatanta ta. A takin gida, nisan lambobin daga 20 shi ne 3, 1, 0, 1, 3. Murabba'insu ya tashi 20. Haka za a bi a sami 18 a takin zamani da 22 a haɗi. Jimlar murabba'ai ta ciki, JMC, ta zama 60. Jimlar duka, JMD, ita ce 70 a tara da 60, wato 130.

Kafin a kai ga F sai an raba kowace jimla da adadin 'yancinta. Na tsakani shi ne yawan rukuni a ɗebe ɗaya, wato 2. Na ciki shi ne yawan yankuna a ɗebe yawan rukuni, wato 12. Matsakaicin murabba'ai na tsakani ya zama 70 ÷ 2 = 35, na ciki kuma, MMC, 60 ÷ 12 = 5. Sai F = 35 ÷ 5 = 7. Da adadin 'yanci 2 da 12, p ta ɗan gaza 0.01. A jadawalin da manhajojin kwamfuta ke fitarwa, jimlar murabba'ai tana ƙarƙashin SS, adadin 'yanci ƙarƙashin df, matsakaicin murabba'ai ƙarƙashin MS.

Eta murabba'i

Ma'aunin girman tasiri mafi sauƙi a anoba shi ne eta murabba'i, η². Asalinsa daga ayyukan Karl Pearson ne a farkon ƙarni na ashirin. Abin da yake tambaya shi ne: cikin dukan warwatsuwar da aka gani, kashi nawa ne na tsakanin rukuni?

η² = JMT ÷ JMD = 70 ÷ 130 = 0.54

Wato kimanin kashi 54 cikin 100 na bambancin amfanin yankunan nan yana tafiya da irin takin da aka zuba, sauran kashi 46 kuma na wasu dalilai ne. Eta ba ya sauka ƙasa da 0, ba ya haura 1. A kula da kyau: wannan ba yana nufin taki ya ƙara amfani da kashi 54 cikin 100 ba. Kason warwatsuwa ake magana, ba ƙarin buhuna ba, kuma nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe.

Wanda ke karanta rahoton da ba a sa jimlar murabba'ai a ciki ba, zai iya fitar da eta daga F da adadin 'yanci kawai. A ninka F da adadin 'yanci na tsakani, sannan a raba abin da aka samu da shi kansa haɗe da adadin 'yanci na ciki. A misalin nan 7 × 2 = 14, sai 14 ÷ (14 + 12) = 0.54.

Wannan dabara tana fito da maganar yawan samfur fili. A ce an gwada hanyar koyar da karatu iri uku a ajin yaƙi da jahilci, mutum dubu a kowace hanya, aka sami F = 7 kamar na gonar. Adadin 'yanci na ciki yanzu 2,997 ne, don haka η² = 14 ÷ 3,011, wato ƙasa da 0.005. Ƙimar p a nan ta kusa 0.001, ta fi ta gonar ƙanƙanta nesa, amma hanyar koyarwar ba ta ɗauki ko rabin kashi ɗaya cikin 100 na bambancin makin ɗalibai ba. F ɗaya, tasirin ɗaya ya ninka ɗayan fiye da sau ɗari.

Aibin eta, da maganinsa

Eta yana da son ƙari. Ko da takin uku ba su da wani bambanci ko kaɗan, da wuya matsakaicin rukunan ya zo daidai cif, domin dace zai ɗaga wannan ya sauke wancan. Duk wannan motsi na dace JMT yake shiga, eta kuma ya lissafa shi a matsayin tasiri. Ana iya sanin yawan ƙarin. Idan babu tasiri a zahiri, abin da eta ke bayarwa a matsakaici shi ne adadin 'yanci na tsakani a raba da yawan samfur da aka ɗebe wa ɗaya. A gwaji mai rukuni uku da yanki goma sha biyar, wannan 2 ÷ 14 ne, wato 0.14. Ashe mai ƙaramin gwaji zai iya ganin eta na 0.14 ya yi murna, alhali babu komai a ƙasa. Da samfur ya yi yawa ƙarin yana raguwa: a mutum 300 cikin rukuni uku bai kai 0.01 ba.

Domin gyara wannan ne aka fito da omega murabba'i, ω², wanda William Hays ya gabatar a littafinsa na 1963. Yana cire kason dace daga JMT kafin a raba:

ω² = (JMT − adadin 'yanci na tsakani × MMC) ÷ (JMD + MMC)

ω² = (70 − 2 × 5) ÷ (130 + 5) = 60 ÷ 135 = 0.44

Akwai ɗan'uwansa da ya girme shi, efsilon murabba'i, ε², na Truman Kelley a 1935, wanda samansa ɗaya da na omega amma da JMD kaɗai ake rabawa: 60 ÷ 130 = 0.46. Kullum omega ba ya fin efsilon idan akwai tasiri, efsilon kuma ba ya fin eta.

Bambancin ma'anarsu shi ne, eta yana siffanta yankuna goma sha biyar da aka auna, omega kuwa kirdado ne na abin da za a gani a ɗaukacin gonaki masu kama da su. Tun da ba don yankin gwaji kaɗai ake bincike ba, omega ya fi cancanta a ƙaramin samfur, kuma mafi yawan gwajin ɗalibai da na ƙananan cibiyoyi ƙaramin samfur gare su. Idan F ya gaza 1, omega zai fito ƙasa da sifiri. Ba kuskuren lissafi ba ne. Alama ce cewa bambancin rukunan bai kai ko wanda dace ke kawowa ba. Wasu suna mayar da shi sifiri a rahoto, amma rubuta shi yadda ya fito ya fi amfani ga wanda zai haɗa sakamakon bincike da yawa daga baya.

Idan sanadi ya zama biyu

Sau da yawa ba abu ɗaya ake gwadawa ba. A ce bayan taki an shuka irin masara biyu, mai saurin nuna da mai jinkiri. Yanzu warwatsuwar gida huɗu za ta rabu: ta taki, ta iri, ta cuɗanyar taki da iri, da ragowa. Cuɗanya ita ce yanayin da aikin taki ya dogara da irin da aka shuka. A ɗauka jadawalin ya ba da taki 70, iri 90, cuɗanya 10, ragowa 60, jimla 230.

Eta na taki a nan 70 ÷ 230 ne, wato 0.30. Jimlar murabba'an takin ba ta canja ba, amma etansa ya faɗi daga 0.54, don kawai an ƙaro wani sanadi da ya kumbura jimlar. Wannan ya sa aka ƙirƙiro eta na sashe, wanda ke ture sauran sanadai gefe, ya raba jimlar sanadin da ita kanta haɗe da ragowa:

eta na sashe na taki = 70 ÷ (70 + 60) = 0.54
eta na sashe na iri = 90 ÷ (90 + 60) = 0.60
eta na sashe na cuɗanya = 10 ÷ (10 + 60) = 0.14

Idan aka tara ukun za a sami 1.28, abin da ba zai yiwu ba ga eta na asali. Ba laifi ba ne, domin kowanne da abin da aka raba shi da shi. Amma yana nuna cewa kuskure ne a ce taki ya ɗauki kashi 54 cikin 100 na dukan bambancin a wannan gwaji. Abin da ya ɗauka shi ne kashi 54 na bambancin da ya rage bayan an fitar da na iri da na cuɗanya. Manhajar SPSS eta na sashe take bayarwa a irin wannan jadawali, kuma Timothy Levine da Craig Hullett sun nuna a 2002 cewa an sha buga shi a mujallu da sunan eta na asali. A gwaji mai sanadi ɗaya su biyun abu ɗaya ne. Da zarar sanadi ya wuce ɗaya, wajibi ne marubuci ya faɗi wanne ya lissafa.

Ma'aunin Cohen da iyakarsa

Jacob Cohen, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York, ya wallafa littafi kan ƙarfin gwajin ƙididdiga a 1969, aka sake buga shi da ƙari a 1988. A ciki ya yi amfani da wani ma'auni, f, wanda ake samu ta raba η² da abin da ya rage idan an ɗebe shi daga 1, sannan a ɗauki tushen murabba'i. A gonar masara, 0.54 ÷ 0.46 ya ba da kusan 1.17, tushensa 1.08. Cohen ya kira f na 0.10 ƙaramin tasiri, 0.25 matsakaici, 0.40 babba. Idan aka juya su zuwa eta, sun yi daidai da 0.01, 0.06 da 0.14.

Babban amfanin f wajen shirya bincike ne, kafin a fita fili. Manhajar G*Power, wadda aka ƙera a Jamus kuma ake samunta kyauta, tana karɓar f ta faɗi yawan samfurin da ake bukata. A rukuni uku, da iyakar p ta 0.05, da burin kashi 80 cikin 100 na gano tasirin in yana nan, ana bukatar mutum 66 idan f ya kai 0.40, mutum 159 idan 0.25 ne, da mutum 969 idan 0.10 ne. Ɗalibin da ya ga waɗannan lambobi tun da wuri zai san ko mutum talatin da ya yi niyyar tambaya za su ishe shi.

Amma matakan nan uku ba doka ba ne. Cohen da kansa ya yi gargaɗi cewa a koma gare su ne kawai in babu abin da ya fi su, kuma daga binciken halayyar mutane ya tsamo su, inda tasiri kan zama ƙarami. A gwajin gona ko na ɗakin bincike, inda ake iya tsare abubuwa da yawa, eta na 0.14 ba abin a-zo-a-gani ba ne. A lafiyar jama'a kuwa, tasirin da ma'aunin ya kira ƙarami zai iya zama rayuka masu yawa idan mutum miliyan ya shafa. Kuma an riga an ga cewa a samfurin goma sha biyar, dace kaɗai kan kai eta matakin da Cohen ya kira babba.

Sannan girman eta yana hannun wanda ya tsara gwajin. Da an ƙara rukuni na huɗu da ba a zuba masa taki ba sam, amfaninsa ya faɗi ƙasa, JMT zai yi tsalle, eta ya bi shi, alhali takin uku na farko suna nan yadda suke. Da an yi gwajin a ƙasa mai bambancin ƙarfi sosai, JMC zai ƙaru, eta ya ragu. Don haka ba a kwatanta eta na bincike biyu sai an duba ko tsarinsu ya yi kama.

Tsakanin wane da wane?

Eta da omega lamba ɗaya suke bayarwa ga dukan rukunan, ba sa nuna inda bambancin yake. A gonar masara takin zamani ya ɗara takin gida da buhu 4 a hekta, haɗi kuma ya ɗara takin zamani da buhu 1 tak. Kusan dukan tasirin daga ratar farko ya fito. Ana auna ratar rukuni biyu da ma'aunin d na Cohen, ta raba ta da tushen murabba'in MMC, wanda a nan 2.24 ne. Ta farko ta ba da d = 1.79, ta biyu d = 0.45. Matakan Cohen ga d su ne 0.2, 0.5 da 0.8.

Inda ma'aunin asali yake da ma'ana ga kowa, kamar buhu ko kilo ko naira, shi ya kamata a sa a gaba. Manomi ba zai yanke shawara da 0.44 ba, amma zai iya auna kuɗin buhu huɗu na masara da kuɗin takin da zai saya. Sai dai a haɗa da tazarar amincewa, wadda ke nuna iyakar inda ratar ta gaskiya za ta iya kasancewa. A wannan misali tazarar kashi 95 cikin 100 tana kai buhu 3.1 sama da ƙasa. Ratar takin zamani da takin gida tana tsakanin 0.9 da 7.1, ratar haɗi da takin zamani tana tsakanin −2.1 da 4.1, wato gwajin bai tabbatar da cewa haɗin ya fi ba. Idan za a kwatanta kowane rukuni da kowane, ana amfani da gyara irin na Tukey, wanda ke ƙara faɗaɗa tazarar. Faɗinta a nan sakamakon ƙarancin yankuna ne, kuma ɓoye shi zalunci ne ga wanda zai sa kuɗinsa bisa rahoton.

Rubuta sakamako

Rahoto mai kyau yana kawo matsakaicin kowane rukuni da yawan samfurinsa, sannan F da adadin 'yancinsa da p, sannan girman tasiri da sunansa. Na gonar masara zai kasance kamar haka: irin takin da aka zuba ya yi tasiri a kan amfanin masara, F(2, 12) = 7.00, p = 0.01, η² = 0.54, ω² = 0.44, takin zamani ya ɗara takin gida da buhu 4 a hekta, tazarar amincewa 0.9 zuwa 7.1. Ana rubuta girman tasiri ko da p ba ta gaza 0.05 ba. Manhajojin JASP da jamovi, waɗanda kyauta ne, suna fitar da eta da eta na sashe da omega idan aka zaɓe su.

Aikin gwaji

An raba awaki 40 rukuni huɗu, goma-goma, aka ciyar da kowane rukuni abinci dabam, aka auna ƙarin nauyinsu. Jadawalin ya ba da JMT = 72 da JMC = 288. A fitar da adadin 'yanci guda biyu, da MMC, da F, sannan η², ω² da f. A kuma lissafa eta da dace kaɗai zai bayar a gwaji mai wannan girma, a kwatanta shi da wanda aka samu.

Don duba aiki: adadin 'yanci 3 da 36; MMC = 8; F = 3.0; η² = 0.20; ω² = 0.13; f = 0.50, eta na dace 3 ÷ 39, wato kusan 0.08.